Sifiri Ashirin da Uku da Aka Goge Mini

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare da ke kan hanyar iyaka, kafin in ajiye aiki in koma gidanmu a ɓangaren Mazanya. Daga ƙofar gidan ana hango shingen da ake tsayar da motocin Maraɗi, idan iska ta juyo ma har gardamar direbobi da masu lodi ana ji. Gonar gadonmu tana bayan gari, yayana ne ke noma ta tun rasuwar mahaifinmu. Ni na riƙe alli, shi ya riƙe hauya, kuma da geron gonar nan aka ciyar da ni har na gama karatu. Na fara da wannan ne don a san ko wane ne na cuta.

A shekara ta biyu da ajiye aikina, wasu masu aikin taimakon manoma suka zo daga Katsina suna neman wanda ya iya karatu da ƙidaya. Ma'aunin ruwan sama suke son kafawa guda uku, ɗaya wajen Daddara, ɗaya wajen Kusa, ɗaya a wajenmu. Mai unguwa ya nuna musu ni. Wanda ya zo kafawa wani saurayi ne siriri mai tabarau, ya karanta ƙididdiga a jami'a, ga ladabi. Bai taɓa kirana da wani suna ba sai Baba. Ya zaɓi fili a bayan gidana, nesa da darbejiya don kada ganye ya tare ruwa, ya kafa ƙarfe, ya ɗora wani gwangwani mai mazurari a baki. Ya miƙo mini kwalba doguwa mai zane-zane a jiki, kowane zane milimita ɗaya, da littafi mai layuka, da ƙaramar waya.

Aikin ba wuya. Kullum ƙarfe bakwai na safe in juye abin da gwangwanin ya tara cikin kwalba, in ɗaga ta daidai idona, in rubuta, in aika ta waya. Da zai tafi sai ya dawo da baya ya ce, "Baba, abu guda. In ka duba ba ka sami ruwa ba, ka rubuta sifiri. In kuwa ba ka samu ka duba ba, ka ja layi kawai. Kada ka haɗa su, ba abu ɗaya ba ne."

Na yi dariya na ce masa tun ba a haife shi ba nake faɗa wa yara cewa sifiri lamba ce, ba rashin lamba ba.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin. Tsohon malami da aka daina gaishewa da rawar jiki, ga shi an sake ba shi littafi. Kuma wayar ba aikawa kawai take yi ba, tana karɓa. Duk ranar Litinin saƙo yakan shigo daga ofishinsu yana faɗin yiwuwar ruwa a makon, kashi kaza cikin ɗari. Sai in ɗauke shi in tafi teburin mai shayi da ke gefen shinge, inda manoma da 'yan acaɓa da masu jiran a gama duba musu kaya suke zama, in karanta musu, in yi bayani. Suka fara jirana. Ni kuma na fara magana kamar ni na ƙera hadarin.

Akwai mutum guda da bai taɓa ruɗuwa da ni ba, kawuna, ƙanen mahaifiyarmu. Yana zaune a wani ƙauye a hayin shinge, cikin Nijar, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a ƙafa. Shi ma yana da ma'auni, ya fi shekara ashirin yana karanta shi, har a rediyonsu akan faɗi abin da ya auna. Bai yi lakwal, wato boko, mai nisa ba, amma littattafansa suna nan a jere cikin akwatin ƙarfe, kowace damina da nata. Mushe yake ce mini, yadda suke kiran malamin makaranta a can, kuma ban taɓa tantance ko girmamawa ce ko tsokana ba.

Ruwan farko na wannan shekarar ya sauka ranar wata Asabar da la'asar. Da safe na auna milimita ashirin da biyu. Ƙasa ta jiƙe har kamu ɗaya, gari ya ɗauki ƙamshi, kowa ya fito da sungumi. Ranar Lahadi kawu ya ƙetaro ta'aziyya a unguwarmu, ya biyo ta gidana ya sha ruwa. Yaya yana nan zaune.

"Ku dakata ku ga na biyu," in ji kawu. "Na duba littattafaina. Sau da yawa in na farko ya zo da wuri haka, sai ya yi shiru. Ku shuka kaɗan in kun matsu, ku riƙe sauran iri."

"Sau da yawa sau nawa ne, Kawu?" na ce.

"Ban lissafa ba, Mushe. Na dai gani."

Na yi murmushi irin wanda nake yi wa ɗalibin da ya ba da amsa babu aiki a ƙasa. Har yau in na tuna murmushin nan sai in ji kamar in mari kaina.

Litinin da safe saƙo ya shigo. Yiwuwar ruwa a makon, kashi saba'in cikin ɗari. Ko teburin mai shayi ban kai ba, Yaya ya tare ni a ƙofar gida, sungumi a kafaɗa.

"Mi wayar taka ta ce?"

"Kashi saba'in cikin ɗari."

"Yi mani Hausa."

"In aka sami mako irin wannan sau goma, sau bakwai ana yin ruwa."

Ya kalli gabas. Sannan ya ce, "To ai bakwai ta hi uku. In tahi in shuka?"

Na ce masa ya je ya shuka. Bai tambayi waya ba, ni ya tambaya, kuma ni na ce ya je. Kwana uku suka yi shi da iyalinsa, suka zuba irin nan kaf, irin da ya zaɓa zangarniya bayan zangarniya tun kakar bara ya rataye a rumbu. Da maƙwabta suka ga yayan malam ya shuka duka, su ma suka shuka duka.

Daga nan na fara rubuta sifiri. Kullum ƙarfe bakwai in fita, in buɗe gwangwani, in kifa shi a kan kwalba ko da na san babu komai, in rubuta, in aika. Geron ya tsiro kyakkyawa, kore shar, layi-layi. Da yamma hadari yakan haɗu a gabas, ya yi baƙi, ya yi rugugi, mu kwashe shanya mu shige ɗaki, sai ya tsage biyu ya wuce mu. Washegari direbobin da suka biyo ta Daddara su zo da taɓo a tayoyinsu suna cewa an kwana ana yi. Mu kuwa iskar gaban hadarin kawai muke samu, ita ma ba alheri ba, yashi take kwasowa ta yi ta dukan tsiron. A kwana na goma sha ɗaya aka yi wani yayyafi da bai kai ya jiƙa riga ba. Na girgiza gwangwanin, ɗigo biyu suka gangaro, ba su kai zanen farko ba. Na tsaya da biro a hannu ina son in rubuta ɗaya, don kawai in ga wata lamba dabam a shafin. Ban rubuta ba. Na sa sifiri, na ƙara da ƙananan baƙaƙe a gefe cewa an yi ɗigo.

Na daina zuwa teburin mai shayi. A kwana na goma sha bakwai Yaya ya aiko matarsa ta ce yana kirana a gona. Na same shi a tsugune a tsakiyar kunya. Ganyen geron ya naɗe ya zama kamar tsinke, launinsa ya koma na toka. Ya tuge ɗaya ba tare da ya sa ƙarfi ba, ya miƙo mini.

"Ina saba'in ɗin taka ta tahi?"

Maimakon in yi shiru, sai malamin cikina ya buɗe baki. Na ce ai saba'in ba ɗari ba ce, akwai talatin da ta rage, kuma a cikin talatin ɗin nan muka faɗa.

Ya miƙe tsaye a hankali. Tun muna yara bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Ranar da na tambaye ka, ka ce mani akwai talatin da za ta iya cinye mani iri duka? Cewa ka yi in tahi in shuka. Yanzu ka zo mani da talatin. In kai ta gida in dafa ma yara?"

Na koma gida na kira saurayin nan na Katsina, na ce ya gaya mini yadda aka yi saba'in ta zama kwana goma sha bakwai babu ɗigo.

"Ai Baba, hasashen bai yi kuskure ba," ya ce, da muryarsa mai sanyi. "Saƙon na yankin ne gaba ɗaya, ba na gari guda ba. Kuma in milimita ɗaya ta sauka a ko'ina cikin yankin, a wurinmu an yi ruwa ke nan. A makon ma an yi, Daddara ta samu sau biyu."

Na ce, "Milimita ɗaya? A ko'ina?"

"Haka ake ƙidaya shi, Baba."

"Me ya sa ba ku rubuta haka a saƙon ba?"

Ya ce saƙon waya gajere ne, ba ya ɗaukar dogon bayani.

Na je na zauna a bakin rijiya. Wata biyu na yi ina tsayawa gaban mutane ina fassara lambar da ban san abin da take aunawa ba. Ni na ɗauka tana nufin ruwan da zai jiƙa gonar mutum. Ashe tana nufin ɗigon da zai iya sauka a kan rufin wani can da ban taɓa gani ba. Milimita ɗaya ko kaza ba za ta sha ta ƙoshi ba. Da ɗalibina ne ya kawo mini lamba babu ma'auninta, da na ja masa jan biro tun daga sama har ƙasa. Ni kuma ban tambaya ba, su kuma ba su ga dalilin gaya mini ba.

Sai a kwana na ashirin da huɗu ruwa ya dawo. Sifiri ashirin da uku a jere na rubuta a littafin nan da hannuna. Yaya ya sake shuka da ɗan irin da kawu ya aiko masa da wanda ya roƙa a wurin surukansa, gauraye, wani mai jinkiri wani mai sauri. A watan marka kuma sama ta buɗe kamar tana biyan haushi, sau uku gwangwanin yana kusan cika, ruwa ya yi ta kwasar taki yana kaiwa kwari. Geron yana tsakiyar bununi damina ta ɗauke. Abin da Yaya ya kai gida bai rufe gindin rumbu ba.

Akwai abu guda da na riƙe ina rarrashin kaina da shi. Tun ranar kafa ma'auni an gaya mana cewa duk yankin da ya yi kwana goma sha biyar a jere babu ruwa bayan shuka, za a kawo wa manomansa iri mai saurin nuna da ɗan hatsin da za su kai ga wata daminar. Na ce ko ba komai littafina zai yi wa mutanen da na ɓatar amfani. Na gaya wa Yaya haka. Ranar taron da suka kira don faɗin sakamakon damina, ya sa rigarsa ta Juma'a ya biyo ni.

An yi taron a ajin wata makaranta a cikin Jibiya bayan kaka. Shugaban aikin ne da kansa ya zo, mutum mai jiki, da farar shadda da wayoyi biyu. Saurayin nan yana gefe yana danna na'ura, hoto yana fitowa a bango. Shugaban ya yi godiya ga masu karanta ma'auni, ya ce mu tashi a tafa mana, muka tashi. Sannan ya ce yana da albishir. An haɗa ma'aunai uku an fitar da matsakaici, jimillar ruwan bana ta yi daidai da abin da aka saba samu a shekarun baya, kuma babu inda aka yi kwana goma sha biyar a jere babu ruwa. Saboda haka damina ta yi kyau, kayan taimako za su tafi wasu wuraren da suka fi buƙata.

Na ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya, na ce a nuna mini layin ma'aunina, kwana-kwana. Saurayin ya kalli shugaban, shugaban ya ɗaga masa kai. Layin ya fito a bango. Na matsa kusa don idona ba ya gani daga nesa. A kwanakin da na rubuta sifiri, sai ga lambobi. Goma da rabi. Huɗu. Bakwai da rabi. Ruwan da bai taɓa sauka a bayan gidana ba, ga shi a rubuce a ƙarƙashin sunan garinmu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya rubuta waɗannan?"

"Na'ura ce, Malam," in ji shi, yana murmushi. "In ma'auni guda ya yi ta ba da sifiri alhali maƙwabtansa suna samun ruwa, sai ta ɗauka akwai matsala. Ko gwangwanin ya huje, ko mai karatun bai samu ya duba ba. Sai ta cike wurin da matsakaicin sauran biyun. Ba laifi ba ne. Mun san akwai shekaru, akwai hidimomi, mutum ba zai fita kullum ba."

Ban san lokacin da na isa gaban allo ba. Akwai guntun alli a bakin taga, na ɗauka. Na rubuta goma sha biyu, na rubuta tara, na rubuta sifiri. Na ce ga Daddara, ga Kusa, ga mu, a rana guda. Na haɗa na raba uku, bakwai ta fito. Na juyo na tambayi ajin ko akwai wanda gonarsa ta sami bakwai ranar nan. Babu. Na ce to wannan shi ne matsakaici, lamba ce da ba ta sauka a gonar kowa ba, kuma ko da a nan suka tsaya sun riga sun ɓoye mu. Sannan na goge sifirin da tafin hannuna, na haɗa goma sha biyu da tara na raba biyu, na rubuta goma da rabi a inda sifirin yake.

"Wannan kuma shi ne abin da kuka yi. Kun ɗebo ruwan Daddara da na Kusa kun zuba mana a takarda. Yaronku da bakinsa ya ce mini in ban duba ba in ja layi. Ku nuna mini layi ɗaya a abin da na aiko. Kwana ashirin da uku ina fita ina kifa busasshen gwangwani, ku kuna zaune a Katsina kun yanke cewa barci nake yi!"

Muryata ta yi sama har na ji ta tana dawowa daga bango. Na ce kuma jimillar da yake taƙama da ita, gero ba ya shan jimilla. In aka hana mutum ruwa mako uku sannan aka tura shi rijiya, ba a ce ya sha daidai ba.

Shugaban ya ce in kwantar da hankalina, a kimiyyance ba a dogara da ma'auni guda, sai an sami wani ya gaskata shi. Na waiwaya in ga Yaya, sai na ga bayansa yana fita daga ajin. Bai jira ƙarshen taron ba, bai kuma jira ni ba a tasha.

Washegari da sassafe na nufi shinge. Ma'aikatan ɓangarenmu sun san ni, wasunsu ma na koyar da su, na duwan, wato kwastan ɗin can, kuma sun saba ganina ina zuwa gaida kawu. Na bi gefen jerin manyan motoci na wuce a ƙafa. Na sami kawu yana gyaran danga. Na gaya masa komai, har da murmushin da na yi masa ranar Lahadin nan. Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin ƙarfe, ya fito da littafin bana, muka shimfiɗa tabarma muka jera nasa da nawa.

Yana karantawa ina bi da yatsa. Ranar da na sami ashirin da biyu, shi ya sami goma sha tara. Daga nan sifiri, sifiri, sifiri. A kwana na goma sha ɗaya, ranar da na ga ɗigo biyu, shi ya auna milimita biyu. Sauran duka babu. Sifiri ashirin da biyu da 'yar milimita biyu a tsakiya, a ma'aunin da ya fi na Daddara da na Kusa kusa da nawa nesa ba kusa ba.

"Ka tahi da shi, Mushe," ya ce. "Amma ka maido mani. Ban taɓa bari ɗaya ya kwana waje ba."

Na shiga mota zuwa Katsina da littattafan biyu a cikin leda a ƙirjina. Sai da na yi zaman awa biyu a benci kafin shugaban ya ce in shigo. Na buɗe su a kan teburinsa, na ce ya nemi mai gaskatawa, ga shi na kawo. Ya ɗaga na kawu, ya juya bangon, ya ga rubutun Faransanci.

"Malam, wannan ai na wata ƙasa ne. Ba ya cikin tsarinmu."

"Ranka ya daɗe, hadari ba ya tsayawa a shinge a duba masa takarda. Tsakanina da gwangwanin nan tafiyar ƙafa ce."

"Na gane. Amma ba ni da ikon shigar da shi. Kuma rahoto ya riga ya tafi, an rufe shekarar."

Ya tura mini littattafan da yatsa biyu, ya ɗauki ɗaya daga cikin wayoyinsa. Na tsaya ina kallonsa. Akwai maganganu da yawa a bakina, irin waɗanda mai furfura bai kamata ya faɗa ba. Na tattara kayana na fita ban yi sallama ba.

Saurayin ya biyo ni har bakin titi. Ya cire tabaransa yana gogewa da gefen riga, ya ƙi haɗa ido da ni.

"Baba, ba na'ura ba ce ta yanke. Ni na rubuta mata dokar. A wani wuri mun taɓa samun wanda yake zama a ɗaki ya cike mako guda da sifiri, shi ne na ce ta riƙa gyarawa. Ban zaci za ta kama naka ba. Na ga ta kama, kuma ban kira ka ba."

"Kana da lambata."

"Ina da ita."

"Kira ɗaya. Baba, da gaske ba a yi ruwa ba? Shi ke nan."

Ya ce zai rubuta takarda a sake dubawa. Na yarda ya rubuta, don daga baya ya nuna mini kwafinta. Ba a amsa masa ba.

Iri bai zo ba, hatsi bai zo ba. Na buɗe ɗakin ajiyata na ce matar Yaya ta riƙa ɗiba, ta ɗiba sau biyu sai ya hana ta. Da sanyi ya shigo ya ɗaure 'yan kayansa ya tafi cin rani wajen masu noman albasa a fadama, mutumin da ya haura sittin, yana kwana a bukka yana ban ruwa da 'ya'yan cikinsa. Gidaje da dama a unguwarmu haka suka yi. Wasu sun sayar da awakin matansu. Wani maƙwabcina da ya shuka duka saboda ya ga Yaya ya shuka, har yau in mun haɗu a masallaci gaisuwa ɗaya yake yi mini ya juya.

Yaya ya dawo gab da damina da tari da ramar da ba ta sake shi ba. Muna gaisawa, yana zuwa suna da jana'iza a gidana, in na yi rashin lafiya yakan zo ya zauna. Amma bai ƙara tambayata komai game da sama ba. Da ruwan farko ya sauka a shekarar da ta biyo, ina tsaye a ƙofar gida ya wuce ni da sandarsa, ya ƙetare shinge ya je ya tambayi kawu. Ya shuka rabi, ya riƙe rabi.

Saurayin ya gyara dokarsa. Yanzu kafin a taɓa lambar kowa sai an kira shi, kuma kowane ma'auni ana duba kwanakin farinsa shi kaɗai. Saƙon Litinin ma an ƙara masa layi guda da ke cewa na yanki ne. Ya kira ni da kansa ya gaya mini, yana jiran in ce madalla. Na ce masa ya kyauta, sannan na tambaye shi ko ya mayar mini da sifiraina na waccan shekarar. Ya ce ba zai iya ba, abin da aka rufe ba a buɗewa sai da izini daga sama.

Wannan shi ne abin da ya hana fushina sauka. A rumbun lambobinsu, shekarar da yayana ya tafi ban ruwan albasa tana nan a matsayin shekara mai kyau. Kuma ba ta tsaya nan ba. Duk sanda za su fitar da abin da aka saba samu a garinmu, sai sun haɗa da ita, da ruwan Daddara da na Kusa da aka zuba mana. Duk daminar da za ta zo, da wannan ƙaryar za a gwada ta a ce ta yi kyau ko ba ta yi ba.

Ina nan ina karanta ma'aunin kullum ƙarfe bakwai, ina kuma aikawa, don in na daina wani za a ba wanda zai ji kunyar rubuta sifiri. Amma saƙon Litinin ba na karanta wa kowa shi. Na rubuta wa ofishin takarda huɗu ina neman a gyara shekarar, kowace da kwafin shafina da na kawu a manne. Ta uku ce kawai aka amsa, da layi biyu, cewa an karɓa kuma ana godiya. Shugaban nan an ɗaga shi zuwa wani babban aiki. Wanda ya gaje shi na je na same shi a watan jiya, ya saurare ni da kyau, ya ce shi lokacin bai zo ba, amma in rubuto a rubuce.